Jirgin Yaya Bai Tashi Ba

Ana idar da sallar asuba muka bar Bukkuyum, ni da Kawu, ƙanen Inna, za mu filin jirgi tarbo yayana da ke karatu a Turai. Jikin Inna ya yi tsanani, ko kunu ba ya zama, ita ta ce a kira shi. Da na shiga sallama ta ce, "Kak ku tsaya ko'ina, ku taho min da shi."

Mota ta cika, buhunan wake a ƙarƙashin ƙafafunmu. Ba mai hira sai an fita daga daji, kowa da carbinsa. A Gummi muka sha koko a tsaye. Kuɗin mota ya tashi, ƙosai kuwa ya ƙanƙance har Kawu ya tambayi mai suya ko ƙosan ma jinya yake.

Sai a bakin filin jirgi wayata ta samu sabis, kiran Yaya ya shigo. Ko tasowa bai yi ba. Kwamfutar da ke raba wa jirage hanya a sararin ƙasar da yake ce ta tsaya. Wai bayanan tafiyar jirgi guda ne suka shigo da wurare biyu masu suna ɗaya, manhajar ta rikice ta rufe kanta. Kwamfutar ko-ta-kwana ma manhajarsu ɗaya, ta bi sahu. Ma'aikata suka koma aiki da hannu, jirage sai ɗaiɗai.

Kawu ya karɓi wayar. "Jirgin mi as same shi?"

"Lafiya lau yake, Kawu," in ji Yaya.

"Matuƙin fa?"

"Shina nan."

Kawu ya miƙo min wayar.

Washegari da hantsi aka kira daga gida: Inna ta cika. Kawu ya juya gida, ni na tsaya jiran Yaya. Ranar da Yaya ya sauka, ya hango ni ya ɗaga hannu yana murmushi. Ni na gaya masa.

Ta Anka muka dawo, har gida bai ce a tsaya cin abinci ba. Ajali ba ya jira, na sani. Amma a tafiyar nan na gane kuskuren wanda bai taɓa jin sunan Bukkuyum ba yana iya shigowa har ɗakin mahaifiyata. Mun tarar da tabarmin makoki a ƙofar gida. Yaya ya ajiye jakarsa a zaure, ya ce in nuna masa kabarin.