Salma ta ɓata mini labari, amma na ji daɗi

"Halas, ya isa, Hadiza, na gaji. Gobe ba zuwa."

Haka Salma ta ce da ni jiya, tana hamma. 'Yar maƙwabtanmu ce a unguwar Jadid, Balarabiya. Babanta direba ne, yana kai kaya Agadas, shi ya sa take son ta iya Hausa. Ni kuma da na fara koya mata, sai na ɗauko salon malaminmu na nahawu: ya tafi, ta tafi, sun tafi, maimaita!

Ban so ta daina zuwa ba. Kun san ni da kunya, ita kaɗai ce ƙawata a garin nan.

Sai na fara ba ta labarin littafin soyayyar da nake karantawa. Da na kai inda saurayin ya dawo daga doguwar tafiya ya tsaya a ƙofar gidan budurwar, na yi shiru.

"Sai me?" in ji ta.

"Ke za ki ƙarasa. In Hausarki ta fita daidai, haka labarin zai zama."

Ta yi ta gwadawa ina gyara mata, har ta numfasa ta ce, "Ta rufe ƙofa. Ba ta son shi. Za ta auri direba."

"Haba Salma! Bawan Allah ya sha wahala fa!"

"Akwai kuskure?"

Wallahi babu ko ɗaya. Dole na sallama mata.

Yau tun kafin la'asar ta iso, wai za mu shirya bikin.

'Yan uwa, in bar ta da direbanta, ko in nema wa saurayina hanyar dawowa?