Madubin da ke cikin idon Inna

Shekarun baya, wata ranar Laraba da ƙarfe huɗu da rabi na yamma, muna zaune a tsakar gidanmu a Filinge: ni, matata, ƙanena da ya zo daga Yamai, da mahaifiyata. An riga an sa mata ranar aikin yanar ido.

Ƙanena ya kunna mana fim a salularsa, wato wayar hannu. Wasu samari ne suke ɗaura wani tabarau su shiga wasa, sai wasan ya ƙi sakinsu. Tabarau ya manne da fuska, wayoyi suka tsiro cikin nama, har ɗayansu ya dubi uwarsa bai gane ta ba. Ni da nake faɗa kan kallon banza, sai na iske bakina a buɗe.

Inna ba ta gani, don haka matata ke ba ta labari, tana ƙara gishiri: "Inna, ga abin nan ya shige masa ido!"

Da aka gama Inna ta ce, "Lokotoro ya ce mi zai sa mini a ido?"

Na ce, "Ɗan madubi likitan zai sa, Inna."

"To, na fasa. Gara duhu da in dubi ɗiyana in ce su wa ne."

Na jera mata hujjoji. Na farko, fim ƙarya ne. Na biyu, madubin ba ya da waya. Kafin in kai na uku ta juya mini baya.

Ranar kasuwa taubashiyarta ta zo daga Bonkuku. Ita an yi mata aikin tun bara. Inna ta lalubi fuskarta, ta ce, "Ke ce, ko abin da suka sa miki ke magana?"

"Ni ce, baiwata. Yanzu ma na ga muninki da kyau."

Inna ta yi dariya har da tari. "Bakin nan bai sake ba. A kai ni."

Ni ɗan fari ne. Tun tasowata ba ta faɗin sunana, ba ta kuma duban fuskata; haka alkunya take a wurinmu. Ranar da aka kwance mata ido ina tsaye bakin gado. Ta ɗaga kai ta dube ni, ta daɗe, kamar mai karatun allo. Fim ɗin nan ya faɗo mini a rai.

Sai ta ce, "Kai wannan, yaushe ka yi furfura?" Ta sunkuyar da kai kamar kullum.

Har yau abin yana ba ni mamaki. Ɗan wani abu da hannun mutum ya ƙera yana zaune cikin idonta, da shi take zura zare a allura, da shi kuma ta yi mini wannan kallo guda. Ikon Allah ya wuce lissafina.

In kana da tsoho mai yanar ido, ka kai shi asibiti. In kuma tsoro ya hana shi, kada ka jera masa hujjoji irina. Nemo masa taubashinsa.