Kambun Jalangi

Duk wanda ya taso a bakin tekun nan namu ya san tsamiyar da ke kusa da murhunan duwatsu, ya kuma ji labarin tsohon da ya ƙare kwanakinsa a gindinta yana juya tukunyar darifa. Bora ake ce masa, sunan da mutanen Mangasara, fatake daga ƙetaren teku, suka laƙaba masa. Amma sunan da uwarsa Gayili ta yi masa rawa da shi yana jinjiri, Jalangi ne.

A zamaninsa, da iskar yamma ta taso sai ka ga jiragen Mangasara sun ɓullo, ɗauke da wuƙaƙe da gatura da taba da shinkafa. Abin da ke kawo su darifa ce, baƙar halittar nan mai santsi da ke kwance a ƙasan ruwa. A tsamo ta, a dafa, a busar da hayaƙi, su kwashe su sayar wa mutanen Sin, waɗanda aka ce miya suke yi da ita. Su suka san daɗin da suke ji. Jalangi kuwa gwanin nitso ne, har wani mai jirgi, Daeng Sikki, ya ce ya bi shi ya ga gari, zai dawo da shi baɗi.

Ƙanensa Munuku ya yi ta dariya. "Yaya, kai da ba ka iya kwana biyu ba ka ci kunkurun Ngandi ba? Shinkafa za ta kashe ka a can."

"In na dawo da gatari, kada ka zo aro."

Ngandi, wato Gayili, don haka muke kiran uwa, ba ta yi dariya ba. Ta saƙa kambu da jan gashin aku, ta ɗaura masa a damtse, ta ce, "Waku, ɗana, wannan ba ya barin hannunka sai ranar da hannun ya daina motsi."

Ya je, ya ga gari. Ya ga gidaje a kan ƙafafu, ya ga doki, ya ga kasuwar da mutum zai yini yana yawo bai gamu da danginsa ko ɗaya ba. Sai dai da lokacin komawa ya yi, zazzaɓi ya kayar da shi, ko kansa ba ya iya ɗagawa. To, su mutanen Mangasara, in matafiyi ya makara, ɗankwalinsa ko zobensa ake kai wa gida don a san yana raye. Daeng Sikki, da zuciya ɗaya, ya kwance kambun nan daga hannun marar lafiya ya tafi da shi.

Yana sauka ya miƙa wa Gayili yana murmushi. Tsohuwa ta dubi abin da ke tafinta, ta kurma ihu, ta ɗauki dutse ta fasa goshinta. Daeng ya yi rantsuwa har ya gaji.

"Wallahi yana nan! Na bar shi yana shan romo!"

"Me za ka ce dama, Daeng?" in ji Munuku. "Ka tafi da mutum, ka dawo mana da igiya."

Da ƙyar ya kai jirginsa, ana ta jifansa da mashi. Daga ranar bai sake zuwa gaɓarmu ba, sauran jirage ma suka ƙaurace mata. Mutanenmu suka yi abin da ake yi. Aka binne kambun a madadin gawa, aka turara bukkar Jalangi da hayaƙi, aka yi waƙoƙin da ke raka mamaci har tafkin kakanni. Sannan aka rufe sunansa, ba mai sake ambatarsa, kamar yadda ake rufe sunan duk wanda ya mutu.

Shi kuwa yana can ya warke, yana dakon buhuna a bakin ruwa, yana roƙon kowane mai jirgi. Damina ta yi ta wucewa kafin ya sami wanda ya yarda. Ya sauko da gatari a kafaɗa, da zane mai ratsin ja na Ngandi. Mata suka watse da gudu. Munuku ne ya daure ya matso, ya taɓa shi, ya shinshina wuyansa.

"Kai ne. Har warin kifin bai bar ka ba."

"To kira ni mana, ɗan banza."

Munuku ya sunkuyar da kai. "Mun riga mun yi waƙa, Yaya."

Gayili tana zaune bakin wuta, tabo ya raba goshinta biyu. Ta karɓi zanen, ta yanko masa kitsen kunkuru, wurin da ya fi so, ta ce, "Ci, baƙon jirgi."

"Ngandi, ba abinci na zo nema ba. Sunana kawai. Sau ɗaya."

"Wancan da bakina na raka shi," in ji ta, ba ta dube shi ba. "Yana kan hanya. In na kira shi zai waiwayo, ya ɓata, ya rasa nan ya rasa can. Kana so in yi wa ɗana haka?"

"Ga ɗanki a gabanki!"

"Ci, kada ya huce."

Ba wanda ya kore shi, kada ku ce an kore shi. An ba shi wurin kwana, ana raba nama da shi. Amma in za a yi rawa ba a san layin da zai tsaya ba, kuma ba wanda ya ba shi mata, don wa zai kai 'yarsa gidan da aka turara? Sai ya koma gindin tsamiya. Da jirage suka dawo, shi ne tafinta, shi ne mai tukunya. Yana jira, don ya san ba a rufe suna har abada. In an daɗe, tsofaffi sukan buɗe shi.

Furfura ta cika masa kai, idon Gayili ya tafi. Wata safiya yana tsaye kan tukunya, sai ya ji muryarta daga can cikin bukkoki, a sarari, har da ɗan jan nan da take yi a ƙarshe.

"Jalangiii!"

Ya saki muciya, tafasasshen ruwa ya watso masa a ƙafa bai ji ba. Ya ruga, tsoho da shi, yana tuntuɓe a rairayi. Ya tarar da mata sun yi da'ira, tsohuwa a tsakiya da jaririn 'yar Munuku a cinyarta, tana lalubar ɗan damtsensa, tana ɗaura masa jan zare, tana kiransa da sunan.

"Ya iso, ya dawo mana," in ji ta, tana dariya da dasashi. Sai ta karkata kai. "Wa ke haki haka a kaina?"

"Baƙon jirgi ne," wata ta ce.

"Ku ba shi zuma, ya taya mu murna."

Ya tsaya yana kallon jaririn, jaririn yana ta barcinsa. Daga bakin ruwa wani matuƙi ya ɗaga murya, "Bora! Tukunya tana ƙonewa!"

Ya ce, "Na'am," ya juya yana ɗingishi.