Bazawarar da Ta Hana Jar Marsandi Shan Mai

Wata rana, a nan Kano, wata bazawara ta rasa jar Marsandin da mijinta ya bar mata.

A kan titin Tiga ta rasa ta, da hantsi, sitiyari na hannunta.

Abin da ta samu kuwa, tafiya ce guda ɗaya, wadda har yau in ta lumshe ido tana cikinta.

Ku gyara zama, jama'a.

Matar nan dillaliya ce ta atamfa da leshi. Bokonta bai yi nisa ba, amma in ta shigo Kantin Kwari, masu shago tun daga nesa suke gyara murya. Ba a taɓa faɗa mata kuɗin abu ta ce ta saya ba. Ko gishiri ne sai ta taya.

Mijinta mutum ne shiru-shiru. Abu ɗaya ke buɗe bakinsa: motar nan.

Irin mai kwamfuresa ce, wata na'ura a jikin injin da ke ɗura masa iska kamar zugazugin maƙera. In ya taka ta, sai wani siririn fito ya taso daga ƙarƙashin bonet, kamar tsuntsu a can nesa.

Yakan ce mata, "Wannan rabin muryarta ne. Ranar da na gama ta, za ki ji sauran."

Ya tara kayan aikin a kwali, ya tura ƙarƙashin gado.

Bai gama ba. Rai ya yi halinsa.

Duk tsawon takabarta motar na tsakar gida. Da la'asar takan buɗe ta shiga, ta zauna kawai. Kujerar na ƙanshin turarensa.

In gyangyaɗi ya ɗauke ta, sai ta gan su a wani dogon titi marar rami, gero kore shar dama da hagu. Yana tuƙi yana murmushi. Motar na gab da buɗe murya.

Sai ta farka.

Kullum a nan take farkawa.

Masu saye suka yi ta sallama. Wani Alhaji har fili ya ce zai ba ta. Ta ce albarka. Ba za ta rabu da motar ba sai ta ji sauran muryar nan da kunnenta.

Tana fita takaba ta ɗauki kwalin, ta ja motar da kanta, don marigayin ya koya mata tuƙi. Sai Ƙofar Ruwa, wajen Ɗan'asabe bakanike, amininsa tun na ƙuruciya.

Ɗan'asabe ya zazzage kwalin a kan benci. Ya ɗaga wani ɗan ƙarfe mai zagaye.

"Wannan ƙaramin fuli ne. Shi zai sa kwamfuresa ta ƙara saurin juyawa, ta ƙara iska. Waɗannan manyan nozul ɗin da famfon nan, su za su ƙara mai. Daga nan a saita mata ƙwaƙwalwa, shi ke nan."

Duk bayanin nan, abu ɗaya ta ji: ƙara mai.

"Dakata, Ɗan'asabe. In biya ka kuɗina don motata ta ƙara shan mai? A wannan marrar?"

"Matarmu, in kin ƙara wa doki gudu, ai kya ƙara masa dawa."

"Doki ka ga na ɗauro? Sa ƙaramin fulin kawai, mayar da sauran cikin kwali."

"Iska in babu mai, wutar maƙera ce fa. Ƙarfe take narkarwa."

"Ku bakanikai, in ba ku tsorata mace ba abinci ba ya wuce muku. Za ka sa, ko in yi gaba?"

Ya ɗauki fulin.

"In na ƙi, wanda bai san marigayi ba za ki kai wa. Zan sa. Amma don Allah kada ki taka ta da ƙarfi."

Ta ce, "To."

Irin "to" ɗin nan da muke cewa in mun riga mun ci ciniki.

Ni dai a nan ban ga laifinta sosai ba. Wa ya taɓa jin an yi tallar mota da cewa tana shan mai?

Ranar da ta karɓo motar, ba gida ta nufa ba. Ta miƙi hanya, ta bar gari a baya, ta karya ta ɗauki titin Tiga.

Ƙarshen damina ne. An yi yayyafi da asuba, kwalta ta yi baƙi wuluk, tana ƙyalli. Gero ya yi kai, kore shar, dama da hagu.

Ta san titin nan. Ta sha zuwa nan a gyangyaɗi.

Ta sauke gilas. Iska ta shigo da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ta ja mayafinta baya.

Ƙafarta ta fara nutsewa a kan totur, ita kaɗai, ba da shawararta ba.

Fiton ya taso.

Ya wuce inda ya saba tsayawa.

Ya yi sama, ya sirance, ya zama kamar guɗa daga wani ƙauye da ba a gani. Bishiyoyi suka koma kamar ruwa. Motar ta daina taɓa ƙasa.

Sai ta ji kamar akwai mutum a kujerar gefe. Ba ta waiwaya ba, kada ya tafi.

A ƙarƙashin guɗar kuwa, wani ɗan sauti ya shigo. Kas-kas-kas. Kamar tsakuwa a cikin gwangwani.

Ta ji shi sarai.

Amma sau nawa ta farka a daidai nan? Yau ba za ta farka ba.

Ta ƙara takawa.

Motar ta yi tari sau ɗaya. Hayaƙi ya turnuƙe madubin baya. Ta gangara gefen titi a hankali, kamar tsohuwa za ta zauna.

Shiru.

Wasu shanu suka zo suka wuce. Ba ta yi kuka ba.

Da Ɗan'asabe ya janyo motar ya buɗe injin, ya miƙo mata fistin guda, ƙarfen da ke hawa da sauka a cikin injin. An huda shi a tsakiya, babban yatsa zai shige.

Bai ce "ai na faɗa miki" ba. Da ya faɗa, da ya fi mata sauƙi.

Cewa ya yi, "Mai ba abincinta ne kaɗai ba, shi ke sanyaya mata ciki. Ƙishirwa ce ta kashe ta."

Gyaran ya fi ƙarfin jarinta. Alhaji mai fili ya daina ɗaga waya. 'Yan gwangwan suka fara zagaye, su a kilo suke taya abu.

Sai Ɗan'asabe ya ce ta sayar masa. Zai tashe ta a hankali, ya gama ta yadda amininsa ya so. Abin da yake da shi da zai ba ta a madadi tsohuwar Adaidaita Sahu ce, tana aiki, za ta riƙa kawo mata na cefane.

"Albarka."

"Haba matarmu, mushe kike sayarwa fa."

"Komai lalacewar giwa ta fi kwando goma."

Tun azahar suke abu ɗaya har inuwa ta yi tsawo. Ta sa ya ƙara wa Adaidaitar sababbin tayoyi. Ta sa ya ƙara fenti. Ya share gumi ya ce to ta sallama mana.

Ta ɗora tafin hannu a kan bonet. Ya yi sanyi.

"Saura ɗaya. Ranar da ka gama ta, da nozul ɗinta da famfonta da komai, ba mai zama a gaba sai ni."

"Na yarda."

"Man ranar kuma…"

Maganar ta yi mata nauyi a baki.

"…ni zan saya. A cika tanki, ta sha ta ƙoshi. A haka na sallama."

Darasi: Duk abin da ka ƙara wa aiki, ka ƙara masa ci, ko mota ce, ko mai yi maka aiki, ko jikinka. Da mutum ake ciniki. Wuta ba ta san "rage mini" ba.

Ki tura wa ƙawar nan taki da ba a taɓa cin ta a ciniki ba. Kin san ta. In kin duba ba ki gan ta ba, to ke ce.