Ranar da na nome miyar Inna

Shekarar da na gama lakwal, wato makarantar aikin gona, na dawo ƙauyenmu kusa da Illela, kaina ya kumbura da ilimi. Da na ga gonar Inna sai kunya ta kama ni. Hatsi da wake ne aka shuka, amma tsakaninsu ga lalo, ga tafasa, ga yakuwa, ga yoɗo yana rarrafe, kowa ya fito inda ya ga dama. Ban tambayi kowa ba. Na ɗauki hauya da sassafe, na yi wa gonar ƙwal, na tara ciyawar a bakin hanya, awakin maƙwabta suka yi biki.

Inna ta zo ta duba, ta jinjina kai, ta ce, "Sannu da aiki, mushe." Na ji daɗi ƙwarai, don a wajenmu malamin lakwal ake kira mushe.

Da azahar ta ajiye mini tuwo, malmala uku, fari tas. Na buɗe ƙaramin kwanon miya, sai na tarar da ruwa da gishiri.

Na ce, "Inna, ina miya?"

Ta ce, "Ai kai ka nome ta da sahe. Tahi ka tambayi awaki ko sun rage maka."