Muryar da Na Aika Gwatamala

Akwai ranar da ba zan manta ba har ƙasa ta rufe idona. Mu biyar ne a tsakar gidanmu na Dutse, a shekarar da ake ta maganar shari'a: ni, da Malam maigidana, da matar ɗana, da ƙanwar Malam da ta zo daga Miga ganin likita, sai abokin aikin ɗana da ya kawo kaset ɗin da ɗan nawa ya aiko.

Ɗan nan shi ne na fari. Mu kuwa asalinmu Fulani ne, shanun sun ƙare amma kunyar ba ta ƙare ba. Tun da na haife shi ban taɓa kama sunansa ba, ban taɓa zama hira da shi ba. "Wancan" nake ce masa. Ma'aikacin gona ne, aka zaɓe shi ya je Meziko ƙaro ilimin noman masara, amma aka ce sai ya fara koyon Sifaniyanci. Shi ne aka tura shi wani gari a kan duwatsu a ƙasar Gwatamala, wai shi Shela, inda baƙi ke zuwa takanas don koyon harshen.

Da aka kunna rediyon, na juya baya na ci gaba da tankaɗe kamar ba da ni ake ba. Kunnena dai yana can.

Ya ce garin akwai sanyi, ga wani dutse mai fitar da hayaƙi. Ya ce ba a kwana a makaranta, gidan mutane ake kai ɗalibi ya ci abincinsu ya ji maganarsu, da safe kuma ya zauna da malaminsa su biyu rak. Masu masaukinsa Maya ne, 'yan asalin ƙasar, da yarensu daban, Sifaniyancin ma shigowa ya yi ya same su kamar yadda Hausa ta sami kakanninmu. Masara ce abincinsu, wata waina fale-fale da mata ke tafawa da hannu. Da ya ce ba ya cin alade, uwar gidan, wata tsohuwa, ta ware masa tukunya.

"Madalla da ita," in ji Malam.

Sai muryarsa ta yi ƙasa. Ya ce sanyi ya kama masa ƙirji har ya kwanta, tsohuwar ce ta yi jinyarsa, ga ta ma za ta gaishe mu. Wata murya ta fito tana zuba yare. Ban gane komai ba sai abu ɗaya: sunansa. Tana jan sa tana dariya, kamar ita ta yi naƙudarsa.

Rariyar ta tsaya a hannuna.

"Matar Yaya, an fa yi miki ƙwacen ɗa!" in ji ƙanwar Malam.

"Ta riƙe," na ce. "Ke ki ji da ƙafarki."

Can wajen ƙarshen kaset ɗin wancan ya ce, "A kaset ɗin da kuka aiko na ji kowa, har kukan akuya. Mutum ɗaya ce ban ji ba. Tsohuwar nan ta tambaye ni ko uwata ta rasu, na ce tana nan. Ta ce to me ya hana ta magana? Ni kuma karatuna bai kai in bayyana mata ba."

Babu wanda ya dube ni. Abokinsa ya ce gobe da hantsi zai zo karɓar amsa. Kowa ya yi tasa maganar a sabon kaset, ni na ƙi.

"Inna, ko gaisuwa ce," in ji matarsa.

"Ai kun gaishe shi."

Bayan la'asar gida ya watse, na zauna ni kaɗai da garina a faifai. Ba wanda zan gaya wa abin da ke cina, don faɗar ma rashin kunya ce. A nan na gane abin da har yau nake gaya wa mata: kunya ado ce, amma sai ana ganin juna. Yana gida, in na tura masa fura mai yawan nono ya san maganata ke nan. Yanzu teku ta shiga tsakani, ƙwarya ba ta tsallakewa, shiru kuma ko ya tsallake da mutuwa yake kama.

Washegari bayan asuba na kira matarsa ɗakina, na ce ta danna abin ɗaukar magana ta fita ta ja ƙofa. Ban yi magana da shi ba. Da tsohuwar na yi.

"Baiwar Allah," na ce, "ina raye. Na gode, Allah Ya saka miki. Ki sani, wancan ba ya faɗin ciwo. In kin ga ya rage abinci, ko yana murza kunnen hagu, zazzaɓi ne, haka yake tun yana rarrafe. Ki dafa masa citta, ki hana shi wanka da ruwan sanyi, yana da taurin kan ubansa. Ni ban iya harshenki ba. Shi ya fassara miki, kada ya tsallake ko kalma ɗaya, tunda abin da ya je koyo ke nan."