Mai Shinshinar Kwalabe

Ko safar hannu ba a ba dattijuwar nan ba. Tana zaune a ƙuryar shagon da ake haɗa ruwan sigarin lantarki, yatsunta duk sun tsattsage. Tana ɗauraye sirinjin awo, sannan ta shinshina kowace kwalba, don kada ƙamshin jiya ya ɓata haɗin yau. Tagar shagon kuma a rufe take. Ga ta nan ta runtse ido, ta dafe goshi. Da gani, tun safe kanta ke sarawa.

"Iya, hanzarta mana!" in ji mai shagon, wanda a haife ta haife shi.

"To, ɗan nan." Ta jawo wata kwalbar.

Kai mai shago, hancin uwar wani ba kayan aikinka ba ne. Ka saya mata safa, ka buɗe tagar nan yau!